Gahawar Tashi-Ka-Tafi

Duk wanda ya taso a garinmu na Travnik ya san ƙamshin nan da ke gangarowa daga lungun bayan masallaci da hantsi, ya cakuɗu da hazo ya sauka har bakin kogi. Daga shagon Ragib yake fitowa. Shagon ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan gidansu, da gangar ƙarfe ta suyar gahawa wadda ta girmi mai ita, da turmin dutse da taɓaryar ƙarfe, da 'yan buhuna a jingine da bango. A nan mahaifinsa Muharem ya soya gahawa har ƙarfinsa ya ƙare, a nan shi ma Ragib ya yi furfura.

Da ƙuruciya ba ya son sana'ar. Ya bi wani kamfanin gine-gine zuwa Libiya, ya sha rana yana zuba kankare, ya dawo da ɗan Larabcin kasuwa da ƙonannen wuya. Bai gama hutawa ba yaƙi ya rufe garin. A shekarun nan gahawa ta ɓace sai labari, shi da tsoho suka koma soya sha'ir da alkama suna dakawa, mutane na kurɓa suna yi wa juna ƙarya cewa wallahi kamar ta gaske. Tsohon ya rasu kafin ta gasken ta dawo kasuwa. Yayarsa Subhiya ma mijinta ya fita a yaƙin bai dawo ba, sai ta ɗaure kayanta ta komo gidan uba, ta karɓe kicin, ta karɓe makullai, ta haɗa da shi Ragib ɗin. Bai yi aure ba. Ya taɓa neman wata, ta gaji da jiran ya buɗe baki ta auri mai gyaran agogo, shi kuwa ya ce to, ya koma gindin gangarsa.

Mutum ne mai mafarki ido biyu. Za ka shiga shagon ka yi sallama, yana tsaye yana juya hannun ganga, idonsa a kanka amma shi yana wata duniya. Sai ƙwayoyin sun fara ƙara tas-tas a ciki yake dawowa, don da kunne da hanci yake suya, ba ya duban agogo. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, muna shan gahawa tun asuba har mu kwanta, da ita muke biki, da ita muke zaman makoki, amma tambayi mutum daga wace bishiya ta fito, sai ya ce maka daga shago. Shi ma Ragib haka yake a da. Buhuna na zuwa masa daga hannun dillalan Trieste, babbar tashar jiragen ruwa, an gauraya ta nan da ta can, babu wanda ya san gumin wa ke ciki.

Wata shekara, cikin buhunan da aka sauke masa, ya kwance ɗaya sai ya tsaya. Ƙwayoyin ƙanana ne, ba su da kyan gani, wasu ma a karkace. Ya ɗebi kaɗan ya soya, ya daka, ya dafa, ya kurɓa. Bai san lokacin da ya zauna a kan buhun ba. Ya ji zuma, ya ji busasshen inabi, ya ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, a ƙarshe kuma wani ɗan sanyi a bayan harshe wanda bai san sunansa ba. Subhiya ta sauko ta same shi da finjali a hannu yana kallon bango.

"Lafiya? Ko aljanun gangar ne suka kama ka?"

"Yaya, wannan gahawar mutum ɗaya ne ya noma ta."

"To sai me? Tashi ka ɗaure buhu kafin ɓera ya riga ka."

Bai bar maganar ba. Ya hau mota har Trieste, shi da ko Sarajevo ba ya son zuwa, ya yi ta yawo a rumbunan bakin teku da buhun wofi a hammata, har ya faɗa hannun wani ɗan dako mutumin Habasha. Wannan ya duba tambarin ya ce daga wajen Agaro ne, a ƙasar Jimma, kuma surukinsa direban babbar mota ne a can. Daga surukin zuwa wani, daga wani zuwa wani, aka yi ta miƙa lambar waya har ta kai ga wani manomi da ake kira Abba Temam. Ranar da suka fara magana, Larabcin Ragib na masu kwaɓa kankare ya haɗu da Larabcin Abba Temam na makarantar allo da ɗan zaman da ya yi a Jidda. Gurguwar magana ce, amma ta isa a gaisa, ta isa a tambayi ruwan sama, ta isa a ce "taka ce?" a ce "tawa ce."

Da doka ta sauya a can aka yarda manomi ya fitar da kayansa da sunansa, sai suka bar dillalai a baya. Kowace shekara bayan girbi Abba Temam yakan aiko ɗan ƙunshi na ɗanɗano, Ragib ya soya ya sha ya buga waya. Cinikin 'yan buhuna ne, suna raɓawa a kwantena ɗaya da kayan wasu ƙananan masu suya irinsa, amma babu ɓoye-ɓoye a cikinsa. Shekarar da ruwa ya bugi shanya gahawar ta ɗauki warin danshi, Ragib ya faɗa masa ba kwana-kwana, kuma ya saya duk da haka. Shekarar da gangar Ragib ta tsage ya yi wata da watanni babu suya, Abba Temam ya ajiye masa rabonsa a ɗakin barcinsa, ya sallami duk masu zuwa nema.

A cikin waɗannan shekarun ne Ragib ya gina wa kansa, a cikin ransa, dutsen da gonar Abba Temam take a kai. Bai taɓa ganin gonar ba, in an turo hoto a waya ma sai ya miƙa wa Subhiya ya ce ta kalla ta ƙyale shi. Da harshe ya gina ta, da ɗan abin da kunnensa ke tsinta a bayan muryar tsohon in suna waya, kukan tsuntsu ko ruwa a kan kwano. Ya san akwai rafi a wani gefe, don gahawar wannan gefen ta fi sanyi. Ya san akwai manyan itatuwa masu inuwa a sama, da amya a rataye a rassansu. Ya san hanyar jar ƙasa da mata ke bi da kwanduna, ya san kwarin da hazo ke kwana. In yana juya ganga da hantsi, dusar ƙanƙara na zuba a waje, shi yana can yana hawan wannan hanya a hankali, ƙafarsa na nutsewa cikin jiƙaƙƙen ganye. Wanzamin da ke maƙwabtaka da shi yakan leƙo ya ce, "Maƙwabci, in ka dawo daga Habasha a auna mini tawa." Mutane suka fara zuwa daga Zenica da Sarajevo suna neman gahawar Abba Temam da sunanta. Su gahawa suke saya. Shi kuwa wurin zuwa ya samu, don tun bayan yaƙi bai ƙara jin ransa na son ko'ina ba sai can.

Sai bana magana ta canza. Wani babban kamfani ya aika mutuminsa har gonar, yana son girbin gaba ɗaya, na bana da na shekarun gaba, takarda ɗaya, mota ɗaya. 'Ya'yan Abba Temam sun gaji da wahalar raba buhuna ga ƙananan masu saye, suka ce a ba shi. Tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. An gayyace shi baje-kolin gahawa a Trieste, sai ya bugo wa Ragib ya ce zai tsallako ya yini, ya ga inda gahawarsa ke sauka, sannan ya koma ya yanke magana. Ragib ya ajiye waya. Ya sani sarai in buhunan nan suka daina zuwa shagon ba zai rufe ba, zai koma sayen gauraye kamar kowa. Dutsen ne zai rufe masa, kuma shekarunsa sun wuce na neman wani.

Ana gobe baƙon zai zo, ya tsare Subhiya a kicin. A garin nan dai kowa ya san gahawar baƙo uku ce. Ta fari ta maraba, ta biyu ta hira. Ta uku kuwa ba a zuba sabon gari, ruwa ake ƙarawa a kan abin da ya kwanta a gindin buta a sake tafasawa, ta fito a tsinke, kuma sunanta tashi-ka-tafi. Ba a korar baƙo da baki a gidan mutunci. Sai dai a ajiye masa ita, in mai hankali ne ya kurɓa ya nemi takalminsa.

"Yaya, gobe fa babu ta uku."

"Babu me?"

"Kin ji ni. Ko da zai kwana a kan kujera, kada ki ƙara ruwa a butar nan. In ta ƙare ki wanke ki ɗora sabuwa."

"Ikon Allah. Ni da na tayar da liman da ita ranar da ya zo ya zaune mini har magariba? Shi wannan sarkin ina ne?"

"Yaya, don Allah."

"Na ji. Kai dai ka buɗe baki ka yi magana gobe. Kada ka zauna kana kallonsa yadda ka kalli waccan har ta auri mai agogo."

Akwai abin da Ragib bai sani ba, kuma ba a taɓa faɗa masa a waya ba don ba abin faɗa ba ne. Su ma a ƙasar Jimma sau uku ake sha, daga buta ɗaya, ana ƙara ruwa a kan gari ɗaya. Ta ukun nan da ta fi tsinkewa ita ce ta albarka. A kanta dattijo ke ɗaga hannu ya yi wa gida addu'a, bayanta ake buɗe maganar da ta kawo mutum, kuma gidan da ya hana ka ita ya nuna maka cewa kai mai wucewa ne kawai.

Abba Temam ya sauka daga motar safe cikin wani ƙaton kwat na aro da ya kusa share ƙasa. Ɗan ƙaramin tsoho ne siriri, gemunsa ja da lalle. Ragib ya yi shekaru yana ganinsa dogo a cikin kansa, yau sai da ya sunkuya kafin su rungumi juna. Suka hau lungun a hankali, tsohon na tsayawa yana duban duwatsun da suka kewaye garin yana gyaɗa kai, alamar ba laifi. Da ya shiga shagon bai kalli ganga ba, bai kalli turmi ba, ya wuce wajen buhu ya tura hannu can ciki, ya ɗebo ya kai hanci.

"Ta saman rafi ce," ya ce. "Matata ce ta tsince ta."

Ragib ya juya baya ya yi kamar yana gyara wuta. Ashe da gaske akwai rafin.

Ya soya a gabansa. Da hayaƙin ya tashi, Abba Temam ya sa tafin hannu yana jawo shi zuwa fuskarsa, ido a rufe. Suka hau sama, Subhiya ta kawo tire da butar tagulla mai dogon hannu, da finjalai, da ƙwayoyin sukari da alewa. Ta zuba ta fari. Tsohon ya kalli yadda Ragib ya ciji sukari ya bi da kurɓa, ya kwaikwaya, ya yi dariya. Suka yi ta maganar ruwan sama, da tsutsar da ta kama gonar maƙwabci, da birai masu satar 'ya'yan gahawa in sun nuna. Subhiya ta zuba ta biyu. Hira ta yi daɗi, rana ta ratso labule ta kwanta a kan darduma, Ragib ya ji kamar ɗakin ya tashi da su ya sauka a ƙarƙashin manyan itatuwan nan.

Da finjalai suka ƙare, Abba Temam ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya dubi butar. Subhiya ta dubi ƙanenta, ya girgiza mata kai. Ta ɗauki buta ta tafi. Ƙofar kicin a buɗe take, tsohon na kallo ta juye abin da ya kwanta a gindinta cikin bokitin shara, ta wanke ta tas. Ta dawo da sabuwa, baƙa wuluk, mai ƙarfi. Abba Temam ya karɓa don baƙo ba ya ƙi, amma fara'ar ta ragu.

Aka sake daga fari. Ta maraba, ta hira, sannan bokitin shara. Ragib ya lura baƙon ya daina hira. Ya ce a ransa, shi ke nan, zuwa ya yi ya gaya mini an gama, bakin faɗa yake nema. Ya tashi ya sa aka kawo gasasshen nama da gurasa, da cukun tumakin kan dutse, da miyar kaza. Tsohon ya ci kaɗan ya gode. Suka yi azahar tare, suka dawo, wata sabuwar buta na jiransu. Yanzu hannun Abba Temam ya fara rawa, gumi ya tsatsafo masa a goshi duk da sanyin garin, yana juya finjali a yatsunsa yana duban ƙofar kicin. Ragib ya buɗe baki zai tambayi maganar kamfani, ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Birai dai da yawa bana?"

"Da yawa," in ji tsohon.

Motar da za ta mai da shi bayan la'asar take tashi, kuma ranar da ke kan darduma ta riga ta hau bango. Mutum biyu da suka yi shekaru suna faɗa wa juna gaskiya daga nesa, yau ga su gwiwa da gwiwa kowa ya rasa ta cewa, kowa na ganin an rufe masa ƙofa. Abba Temam ya fara laluben maɓallan kwat ɗinsa, ya saka ɗaya, ya tsaya, ya sake duban kicin. Baƙin ciki ya cika Ragib. Ya miƙe ya leƙa wajen yayarsa.

"Yaya, ɗora wata."

"Wata me? Kashe shi za ka yi? Dubi hannunsa yadda yake karkarwa. In zuciyarsa ta tsaya a ɗakina, kai za ka kai gawa Habasha?"

"Rage murya."

"Ai ba ya jin yarenmu. Mutum ya zo tun safe, ya ƙi faɗin abin da ya kawo shi, ya ƙi tafiya, kai kuma ka zauna kamar an dasa ka. Ƙafafuna sun kumbura, ko wanki ban taɓa ba."

"Sabuwa, Yaya. Na roƙe ki."

"Je ka zauna."

Ya koma ya zauna. Subhiya ta tsaya ta dubi butar da ba ta riga ta wanke ba. Mace ce da ba ta saba a ba ta umarni a kicinta ba, kuma a ganinta alheri za ta yi wa kowa. Baƙo ya samu motarsa, ƙanenta ya huta da wannan azaba, abin da zai faru ya faru. Ta zuba ruwan zafi a kan gindin, ta ɗora a wuta, ta tafasa, ta shigo ta dire tiren da ƙarfi har finjalai suka yi ƙara. Ta zuba. Gahawar ta sauko a tsinke, ja-ja, har ana hango gindin finjali.

Ragib ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kai hannu zai janye tiren, amma tsohon ya riga shi. Da hannu biyu ya ɗauki finjalin, ya dube shi, ya dubi Subhiya, fuskarsa ta washe. Ya kurɓa, ya ajiye, ya ɗaga tafukansa sama, ya fara addu'a da yarensu. Ba su gane ko kalma ɗaya ba, amma sun ji sunan Ragib, sun ji sunan Muharem, sun ji Travnik a karkace. Doguwar addu'a ce mai hawa da sauka. Sannan ya juya ga Subhiya ya koma Larabci don Ragib ya fassara mata. Allah ya yi wa hannun nan albarka, ya sanyaya ƙafafun da suka yini a tsaye, ya haɗa ta da wanda ta rasa a inda ba a rabuwa, kada gidan nan ya taɓa rasa hayaƙi.

Subhiya na tsaye da buta a hannu. Kora ta zo yi, ga shi an tsaya ana yi mata addu'ar da rabonta da jin irinta tun ranar da aka yi wa mijinta salla babu gawa. Leɓenta ya motsa, ta ce amin can ƙasa, cike da kunya.

"Alhamdu lillahi," in ji Abba Temam yana shafa fuska. "Ɗan'uwa, yau ka ba ni wahala. Duk sanda muka zo bakin albarka sai in ga an kai ta shara. Na ce a raina, mutumin kirki ne, mai saye ne na gaskiya, amma ba ya son a haɗa gida da gida. Har na shirya abin da zan gaya wa yara." Ya ɗaga finjalin. "Mu baraka muke ce mata. Ku fa?"

Ragib ya dubi yayarsa. Ba ta jin Larabci, amma ta gane tambayar, ta zare masa ido tana girgiza kai. 'Yar ƙarya guda ta isa ta rufe zancen, kuma duk abin da yake tsoron rasawa yana rataye a kan amsar. Sai dai bai taɓa ce wa mutumin nan gahawa ta yi daɗi alhali ta yi wari ba, bai kuma ga yadda zai fara yau ba.

"Tashi-ka-tafi," ya ce.

Ya lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya ya bayyana masa. A nan ita ake ba baƙon da ya daɗe. Shi ne ya hana a kawo ta tun safe. Yayarsa ce ta gaji.

Abba Temam ya ajiye finjalin a hankali, ya dubi Subhiya wadda ta sunkuyar da kai. Ragib ya ji dutsen na yin nisa da shi, rafin da itatuwan suna shigewa cikin hazo, kuma babu abin da zai iya yi.

"Wato," in ji tsohon, "duk butocin nan da aka zubar, don kada in tafi ne?"

"E."

"Ka san motata bayan la'asar ce?"

"Na sani. Da ta tafi ta bar ka, da na ji daɗi."

Sai kafaɗun tsohon suka fara girgiza. Dariya ce, ta taso a hankali sannan ta ƙwace masa, har tari ya sarƙe shi Ragib na bubbuga masa baya. Ya share hawaye da hannun kwat ɗin aro.

"Mutumin kamfani," ya ce, "a tsaye ya sha ta fari, idonsa a waya. Matata ta ɗora ta biyu, ta juyo ta hangi bayan motarsa." Ya gyara zama. "Yara suna da gaskiyarsu, ɗan'uwa. Na tsufa, su ne masu ɗaukar buhu. Gonar ƙasa da ta bakin hanya zan bar musu su ba kamfani. Amma daga rafi zuwa sama, inda amya take, wannan ba ta shiga takarda. Muddin ina numfashi, nan za ta zo."

Ragib ya so ya yi godiya, Larabcin ya gudu ya bar shi. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya riƙe, yana jin farin cikin da ya manta akwai irinsa. Subhiya ta matso tana zungurinsa da gwiwar hannu.

"Me ya ce? Ya yi fushi? Ka gaya masa ko? Kai dai ba ka iya rufa wa mutum asiri ba."

"Na gaya masa."

"Wayyo ni. To ce masa ba haka nake ba. Ce masa ƙafa ce ke damuna."

Kafin Ragib ya fassara, Abba Temam ya zare hannunsa, ya ɗauki finjalinsa ya miƙa mata, ya faɗi wata magana yana murmushi.

"Me ya ce kuma?"

"Ya ce, Yaya, in da saura a butar, ki ƙara korarsa."

Ta tsaya tana kallon tsohon. Sannan ta goge ido da gefen ɗankwali, ta karkata butar, ta tsiyaye masa ɗan abin da ya rage har ɗigon ƙarshe.

"Sha," ta ce da yarenmu, muryarta a dushe. "Sha, bawan Allah. Allah ya kai ka gida lafiya."